Rukunin Jini da Cututtukan Numfashi: Darasi don Taron Ƙungiyoyin Gama Kai

Ga shugabanni da magatakarda: wannan darasi na taron wata-wata ne. A karanta shi da ƙarfi, a hankali, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ji. In ya yi tsawo a raba shi zama biyu. Bayan karatu a tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

Manufar darasi

Tun shekarar 2020 wata magana ta ke yawo a kasuwanni da wuraren hira, wai mai jinin O ciwon korona ba ya kama shi, mai jinin A kuwa in ta kama shi sai abin da hali ya yi. Wannan magana tana da tushe, gama likitoci ne suka fara lura da abin. Amma kafin ta iso ƙauyukanmu an riga an ƙara mata gishiri da yawa. Haɗarinta iri biyu ne. Dattijo mai jinin O ya kan zauna a gida da numfashi sama-sama yana cewa jininsa mai ƙarfi ne, har lokacin taimako ya wuce. Saurayi lafiyayye mai jinin A kuwa ya kan kashe kuɗin takinsa wajen sayen magungunan da ba ya bukata, don tsoro kawai.

A cikin wannan darasi za mu duba abu huɗu: mene ne rukunin jini, me likitoci suka gano game da shi da cututtukan numfashi, waɗanne abubuwa suka fi shi nauyi, da abin da ƙungiya za ta iya yi.

1. Mene ne rukunin jini?

Dawa duk dawa ce, amma manomi ya san kaura dabam, farafara dabam. Haka jini ya ke. Duk ja ne a ido, amma iri-iri ne.

A cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, su ne ke ɗaukar iska mai kyau daga huhu su kai ko'ina cikin jiki. A bayan waɗannan ƙwayoyi akwai wata shaida, kamar yadda mu ke yi wa buhunanmu shaida a sito. Shaidar iri biyu ce, ana kiran ɗaya A, ɗaya B. Wanda ƙwayoyinsa ke da shaidar A, rukuninsa A ne. Mai shaidar B, rukuninsa B. Mai duka biyu, AB. Wanda ba shi da ko ɗaya, shi ne O.

A cikin ruwan jini kuma akwai 'yan gadi. Aikinsu shi ne su kama duk baƙuwar shaida da ta shigo. Mai jinin A yana da 'yan gadi masu kama B. Mai jinin B yana da masu kama A. Mai jinin O yana da duka biyu. Mai jinin AB ba shi da ko ɗaya. A riƙe wannan da kyau, za mu komo kansa.

Wani likita mai suna Karl Landsteiner ne ya bayyana uku daga cikin waɗannan rukunoni a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1901. Kafin nan in an ƙara wa mutum jini, wani ya rayu, wani ya mutu nan take, ba a san dalili ba. A 1940 aka bayyana wata shaida kuma mai suna Rh. Mai ita a kan ce masa fozitif, marar ita nagatif. Shi ya sa a katin asibiti za ka ga an rubuta O+ ko B-.

Rukunin jini gado ne daga uwa da uba. Abinci ba ya sāke shi, magani ba ya sāke shi. Uba mai A da uwa mai B suna iya haifar 'ya'ya na kowane rukuni cikin huɗun, saboda haka kada bambancin rukuni tsakanin 'ya'ya ya kawo zargi a gida. A Nijeriya kusan rabin jama'a masu jinin O ne, A da B kowanne wajen kashi ɗaya cikin biyar ko sama kaɗan, AB kuwa ƙalilan ne. Masu nagatif wajen mutum 5 ne cikin 100.

Akwai wani gwaji dabam da a ke yi kafin aure, wanda a ke rubuta AA, AS ko SS. Wannan na ciwon sikila ne. Mutane da yawa suna haɗa su. AA na gwajin sikila ba shi ne rukunin A ba. Mutum yana iya zama AA, rukunin jininsa kuwa O.

2. Cututtukan numfashi

Mura, da mura mai tsanani wadda likitoci ke kira infuluwenza, da korona, duk ƙwayar cuta iri ɗaya ke kawo su, wadda a ke kira bairas. Bairas ya fi sauran ƙwayoyin cuta ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Yana fita daga bakin mai ciwo da hancinsa sa'ad da ya yi tari, ko atishawa, ko magana, ko waƙa, wani ya shaƙa. In ya tsaya a hanci da maƙogwaro, ciwon ya kan zama mai sauƙi. In ya gangara cikin huhu, sai huhu ya kumbura, ƙananan jakunkunan iska da ke ciki su cika da ruwa, iska mai kyau ta kasa shiga jini. Wannan ne ke kisa.

An fara ganin korona a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamba 2019. Ta shigo Nijeriya ran 27 ga Fabrairu 2020 ta Ikko, ta shiga Nijar a watan Maris na wannan shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kanta a watan Mayu 2023, amma cutar ba ta ƙare ba, tana nan tana yawo tare da sauran mura. A farkon annobar, likitocin Sin sun ƙidaya masu ciwo fiye da 44,000. A cikin kowane 100, mutum 81 ciwonsu mai sauƙi ne, 14 ya yi tsanani, 5 kuwa suka kai bakin mutuwa. Tambayar da ta dami likitoci ita ce, me ya sa wannan ya warke a kwana biyar, wancan kuwa ya mutu? Cikin neman amsa ne aka duba rukunin jini.

3. Abin da likitoci suka gano

Tambayar tsohuwa ce. A 1962 likitoci a Ingila sun duba sojojin sama da suka kamu da cututtukan numfashi. A cikin waɗanda infuluwenza ta 1957 ta kama, sun tarar masu jinin O sun ɗan fi yawa. A lura: a wannan karon O ne ya fi shan wahala. Binciken da aka yi daga baya a kan infuluwenza bai bi hanya ɗaya ba, wani ya nuna wannan rukuni, wani ya nuna wancan.

A 2003 wata cuta 'yar'uwar korona, mai suna SARS, ta ɓulla a Hong Kong. An duba ma'aikatan asibiti 45 da suka yi hulɗa da mai ciwo ɗaya, aka ga masu jinin O ba su kamu kamar sauran ba. Amma mutum 45 kaɗan ne.

Da korona ta zo, aka sāke dubawa a wurare da yawa. Ga manyan cikinsu.

A Wuhan, a watan Maris 2020, an duba masu ciwo 1,775 a asibiti ɗaya. A cikin jama'ar gari, masu jinin A mutum 32 ne cikin 100, masu O 34. Amma a cikin masu ciwo, A sun kai 38, O kuwa 26 kaɗai. Daga nan labarin ya bazu duniya.

A Italiya da Sifen, a watan Yuni 2020, an duba wajen mutum 1,600 da numfashi ya gagare su a asibitoci bakwai. Aka ga haɗarin mai jinin A ya fi na sauran da kusan rabi, na mai O kuwa ya kasa na sauran da wajen sulusi.

A Denmak, a watan Oktoba 2020, an duba mutum fiye da 470,000 da aka yi wa gwajin korona, 7,422 daga cikinsu suna da ita. Masu jinin O a cikin jama'ar ƙasa 42 ne cikin 100, a cikin masu ciwo kuwa 38. Amma a kan kwanciya asibiti da mutuwa, ba a ga bambanci tsakanin rukunoni ba.

A lardin Ontariyo na Kanada, a ƙarshen 2020, an duba mutum fiye da 225,000. Haɗarin kamuwa ga mai jinin O ya ragu da wajen kashi 12 cikin 100, haɗarin ciwo mai tsanani ma kusan haka.

A Amurka, a watan Afrilu 2021, an duba mutum fiye da 107,000 a jihohin Yuta, Nebada da Aidaho. Ba a ga wani bambanci ba sam, ko a kamuwa, ko a kwanciya asibiti, ko a shiga ɗakin masu tsananin ciwo.

Me ya sa amsoshin suka bambanta? Manomi zai gane wannan da sauri. In malamin gona ya kawo sabon iri aka gwada a gona ɗaya ya yi kyau, ba mu san ko irin ne, ko kuwa gonar ce ta fi taki. Sai an gwada a gonaki da yawa, a ƙasa iri-iri, kusa da tsohon iri, sa'an nan gaskiya ta fito. Binciken farko-farko mutane kaɗan ya duba. Waɗansu kuma sun gwada masu ciwo da masu ba da jini a asibiti. Masu ba da jini kuwa O sun fi yawa a cikinsu, don jininsu a ke yawan nema. Wannan ya sa bambancin ya yi kamar ya fi yadda ya ke. Da aka duba dubban ɗaruruwan mutane sai bambancin ya ƙanƙance.

Ga abin da za a riƙe. Akwai alama cewa jinin O yana ɗan rage haɗarin kamuwa da korona. A kan tsananin ciwo bayan an kamu, binciken bai zama baki ɗaya ba, kuma inda aka ga bambanci ba shi da girma. Mu ɗauki lissafin Kanada mu yi misali da shi. A ce a wani gari akwai mutum 100 masu jinin O, da mutum 100 na sauran rukunoni. In 10 suka kamu a cikin sauran, to wajen 9 za su kamu a cikin masu O. Tsakanin 10 da 9, wa zai bar ƙofar gidansa a buɗe?

4. Ta yaya jini zai shafi ciwon huhu?

Likitoci suna da bayani biyu da suka fi ƙarfi.

Na fari ya shafi 'yan gadin nan. Shaidar A da B ba a jini kaɗai su ke ba, suna cikin hanci, da maƙogwaro, da huhu. Bairas yana hayayyafa ne a cikin jikin mutum, in zai fita ya kan lulluɓe da mayafi daga jikin da ya fito. In ya fito daga mai jinin A, yana iya zuwa da shaidar A a jikinsa. In ya shiga mai jinin O ko B, 'yan gadi masu kama A suna iya tare waɗansu tun a bakin ƙofa. Kamar ɓarawo ne da ya shigo gari sanye da rigar da 'yan gadi suka sani. A 2008 masu bincike a Faransa sun nuna a ɗakin gwaji cewa waɗannan 'yan gadi suna hana ƙayar bairas na SARS manne wa ƙwayoyin jiki. Amma in cutar ta fito daga mai jinin O, ba ta ɗauke da shaidar kowa, 'yan gadin ba su da abin kamawa. A ƙasarmu kuwa, inda rabin jama'a O ne, wannan abin lura ne.

Na biyu ya shafi daskarewar jini. Akwai wani sinadari a jini mai taimakonsa ya daskare in an ji rauni. A jikin masu O ya kasa na sauran da wajen rubu'i. Saboda haka masu A, B da AB sun ɗan fi saurin samun gudan jini a jijiya. Korona mai tsanani tana sa jini ya yi guda-guda a cikin huhu, shi ya sa a ke zaton wannan yana da hannu.

5. Kowane rukuni da rabonsa

Kada wani ya yi fahariya da jininsa, kada kuma wani ya raina nasa. A 2007 an duba yara a ƙasar Mali, aka ga masu jinin O ba su cika samun zazzaɓin cizon sauro mai tsanani kamar sauran ba. Amma a Bangaladash, inda kwalara ta yi yawa, an daɗe da sanin cewa masu jinin O ne amai da gudawa ke fi yi wa tsanani. Ga shi kuma mun ji labarin infuluwenza a Ingila. Irin gero mai jure fari ba lalle ne ya jure tsuntsaye ba. Irin dawa mai jure wuta-wuta ma sai an yi masa noma an sa masa taki. Babu rukunin jinin da ya fi ƙarfin kowace cuta.

6. Abubuwan da suka fi rukunin jini nauyi

Mu koma ga ƙidayar nan ta ƙasar Sin, ta farkon 2020, kafin a sami allurar rigakafi. Ga yawan waɗanda suka mutu a cikin kowane 1,000 da suka kamu:

'Yan shekara 10 zuwa 39: mutum 2.
'Yan shekara 50 zuwa 59: mutum 13.
'Yan shekara 60 zuwa 69: mutum 36.
'Yan shekara 70 zuwa 79: mutum 80.
'Yan shekara 80 zuwa sama: mutum 148.

Tsakanin matashi da tsoho ɗan tamanin, haɗarin ya ninka fiye da sau 70. Bambancin rukunin jini bai kai ko ninki biyu ba a binciken da ya fi nuna shi. In aka ɗora su a kan sikeli, shekaru buhu ne, rukunin jini bai cika mudu ba.

Ƙidayar ta kuma nuna waɗanda ke da wani ciwo tun da fari. A cikin 100 masu ciwon zuciya da suka kamu, wajen 10 suka mutu. Masu ciwon suga, 7. Masu tsohon ciwon huhu, 6. Masu hawan jini, 6. Mun ga irin wannan a gida. A watan Afrilu 2020 mace-mace sun yi yawa a birnin Kano. Ministan lafiya na lokacin ya faɗa daga baya cewa a cikin mutum 979 da aka ƙidaya, rabi ko fiye suna da alaƙa da korona, yawancinsu kuwa dattawa ne masu wani ciwo a jiki.

Ban da waɗannan, mu ƙara da mata masu ciki, da jarirai, da yara masu tamowa, da masu tarin fuka, da masu sikila, da masu ƙiba ƙwarai, da masu shan taba. Hayaƙin itace a ɗakin girki marar taga yana raunana huhun mata da 'ya'yan da su ke goye da su. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayin sussuka ma haka. Waɗannan su ne abubuwan da ke hannunmu. Rukunin jini ba za mu iya sāke shi ba, amma muna iya huda taga.

Abu na ƙarshe shi ne jinkiri. A watan Yuni 2020 likitoci a Ingila sun nuna cewa wani magani mai araha, deksametason, yana rage mutuwa da sulusi a cikin waɗanda aka sa wa na'urar numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar a cikin waɗanda a ke ba iskar oksijin. Amma ga mai ciwo marar tsanani ba shi da amfani, yana ma iya cutarwa, musamman ga mai ciwon suga. Saboda haka likita ne kaɗai zai ba da shi. Taimako yana nan ga wanda ya isa asibiti da wuri. Kafso da allurar kashe ƙwayoyin cuta da a ke saya a kemis ba sa kashe bairas.

7. Alamun haɗari

Yawancin mura tana warkewa a gida cikin mako guda, da hutu, da ruwan sha mai yawa, da kunu, da farasitamol don zazzaɓi. Jariri ya ci gaba da shan mama. In akwai zazzaɓi a yi gwajin cizon sauro, gama su kan yi kama. Amma in an ga ɗaya daga cikin waɗannan, a tafi asibiti a ranar, ko da dare ne, ko mene ne rukunin jinin mai ciwo:

Numfashi da sauri ko da ƙyar, har mutum ya kasa gama magana sai ya tsaya.
Ciwo ko nauyi a ƙirji wanda ba ya sauka.
Leɓɓa ko harshe sun yi duhu ko toka-toka.
Ruɗewa, ko barci wanda da ƙyar a ke tashe shi.
Kasa shan ruwa, ko yaro ya ƙi mama.
Ƙasan haƙarƙarin yaro yana lotsawa ciki in ya ja numfashi.
Ciwo ya yi kamar ya sauka, sa'an nan ya komo da ƙarfi wajen kwana na bakwai zuwa goma.

Kowa yana iya koyon ƙidayar numfashi. A bar mai ciwo ya natsu, yaro kada yana kuka. A buɗe ƙirjinsa, a duba agogo ko waya, a ƙidaya sau nawa ƙirji ya tashi cikin minti ɗaya cikakke. Numfashi ya yi sauri in ya kai haka:

Jariri ƙasa da wata 2: sau 60 ko fiye.
Daga wata 2 zuwa shekara 1: sau 50 ko fiye.
Daga shekara 1 zuwa 5: sau 40 ko fiye.
Babba: lafiyayye ya kan yi 12 zuwa 20. In ya wuce 30, ciwon ya yi tsanani ƙwarai, kada ma a jira ya kai nan.

Korona tana da wani makirci. Iskar da ke cikin jini ta kan yi ƙasa ƙwarai alhali mutum yana zaune yana hira. A ɗakunan shan magani da yawa akwai wata 'yar na'ura da a ke maƙala wa yatsa ta auna wannan iska. Lafiyayye ya kan nuna 95 zuwa sama. In ta nuna ƙasa da 90, mai ciwo yana bukatar oksijin nan da nan.

8. Abin da ƙungiya za ta yi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna ba kowace ƙungiya shawara ta shirya waɗannan kafin hunturu ya kama.

1. A rubuta sunayen dattawa da suka wuce sittin, da masu hawan jini, da masu ciwon suga, da masu tsohon tari, da mata masu ciki a gidajen 'yan ƙungiya. A ba kowane suna mutum ɗaya da zai riƙa leƙa shi in mura ta shigo gari.

2. A zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su koyi ƙidayar numfashi wurin malamin asibiti, su kuma koya wa saura.

3. A ware wani abu daga asusun ƙungiya, ko buhu ɗaya daga amfanin gonar gayya, don kuɗin mota zuwa asibiti. A shirya da mai babur ko mai mota tun yanzu, a san farashi. A bincika wane asibiti mafi kusa ne ke da oksijin.

4. Lokacin mura a yi taro a waje, ƙarƙashin itace, ko a buɗe tagogi duka. Mai tari ya zauna a gida, kada a ci shi tara don rashin zuwa. In tilas ya fita, ya rufe hanci da baki. A wanke hannu da sabulu, musamman kafin cin abinci a kwano ɗaya.

5. Mai mura kada ya kwana ɗaki ɗaya da tsoho ko jariri in akwai wani ɗaki. Ziyarar marar lafiya abu ne mai kyau, amma a gaishe shi a tsakar gida, kada mutum goma su cika masa ɗaki.

6. A kai yara dukan allurar rigakafi, har da ta ƙyanda a wata tara, gama ƙyanda ma bairas ne mai bin iska, ta kan kuma gangara huhu. Dattawa da masu ciwo su tambayi malamin asibiti a kan rigakafin da ya dace da su.

7. Kowa ya san rukunin jininsa, a rubuta a littafin ƙungiya in ya yarda. Gwajin ba ya ɗaukar minti goma. Amfaninsa na gaske yana wajen ƙarin jini. Mace ta zubar da jini wajen haihuwa, ko yaro zazzaɓi ya shanye masa jini, ko wani ya yi haɗari a hanya, in magatakarda ya buɗe littafi nan da nan za a san wanda za a kira. Lafiyayye ɗan shekara 18 zuwa sama, mai nauyin kilo 50, yana iya ba da jini, jikinsa kuma zai mayar. Asibiti za ta sāke gwadawa kafin ta ƙara wa kowa. Mace mai nagatif ta faɗa wa ungozoma tun farkon awon ciki, domin akwai allurar da a ke yi mata cikin kwana uku bayan haihuwa, don kare cikin da zai biyo.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Mene ne bambancin rukunin A da AA na gwajin sikila? Mutum nawa ne a taron nan suka san rukunin jininsu?

2. Tsoho ɗan shekara 75 mai jinin O, da saurayi ɗan shekara 25 mai jinin A, duka sun kamu da korona. Wa za mu fi sa wa ido? Don me?

3. In wani ya ce, "Ni O ne, ba na bukatar asibiti," me za mu faɗa masa, ta yadda ba zai ji an raina shi ba?

4. Yaro ɗan wata takwas yana numfashi sau 54 a minti ɗaya. Me za a yi?

5. Daga ƙauyenmu zuwa asibiti mai oksijin, nawa ne kuɗin mota da rana, nawa ne da dare? Asusunmu zai iya biya yau?

Aikin gida

Kowane ɗan ƙungiya ya ƙidaya numfashin mutum uku a gidansa sa'ad da su ke lafiya, yaro ɗaya, babba ɗaya, tsoho ɗaya, ya zo da lissafin taro mai zuwa. Wanda ya san numfashin lafiya zai gane na ciwo da wuri. Magatakarda kuma ya kawo sunayen da aka ambata a lamba ta ɗaya, da sunan wanda zai riƙa leƙa kowannensu.